Batirin da Ke Riƙe da Tafiyar Haruna

Wani ɗan sukuru ne ya faɗi a kan tayil, ya yi tsalle sau biyu, ya shige ƙarƙashin firji. Ina kicin ina yanka albasa na ji ƙararsa, na kuma ji tsakin Malam ya biyo baya. Shekararmu ta biyu ke nan a Alƙahira, a wata 'yar shaƙƙa, wato gidan haya a bene, mai ɗaki biyu a Hadayek el-Ma'adi. Karatun addini ne ya kawo Malam Sani, maigidana, amma yana haɗawa da gyaran rediyo da talabijin a gida, sana'ar da ya taso da ita tun a Gusau. Na ɗauko maganaɗisun da nake tsince allura da shi na zaro masa sukurun. Sau uku yana gwada mayar da shi yana kuɓuce masa, don yatsunsa manya ne. Na ce ya ba ni. Tashi ɗaya na ɗaura shi. Ya dube ni ya ce, "To Rabi, jawo kujera."

Abin da yake buɗewa ran nan ba rediyo ba ne. Kaset ne na wasan talabijin, irin wanda ake cusawa a saman na'ura. Na yi kusan shekara talatin ina buɗe irinsa.

Ɗaliban da ke zuwa cin tuwo gidana ran Juma'a sukan yi min dariya idan na ce ina da sana'a. Kwanan nan wani cikinsu ya ce, "Anti, wai canza batir ne sana'ar? Ai minti biyu ne, akwai shi a waya." Na ce masa ya ci tuwonsa. Amma tunda sun matsa, bari in rubuta musu yadda abin yake.

Wasannin iri-iri ne. Na ƙwallo da na tseren mota, ka kunna ka buga ka kashe, ba abin da ya rage. Akwai kuma wasan labari. A cikinsa ana ba ka mutum uku ko huɗu ka ja su daga gari zuwa gari, su yi faɗa da dodanni, su ƙara ƙarfi, su sayi takobi, wani ya mutu, wani ya ci amana. Mutum yakan yi wata shida bai kai ƙarshe ba. Saboda haka duk inda ya tsaya sai ya yi ajiya, gobe ya ci gaba daga nan. Ajiyar nan tana zaune ne a cikin wani ɗan baƙin abu a allon kaset ɗin, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne batir ɗan ƙarami kamar kwabo. Idan wutar batirin ta yanke, ko da na ƙiftawar ido ne, komai na iya tafiya. Ba a dawo da shi. To batir kuwa yana tsufa, dole wata rana a canza shi. Sana'ata ita ce in cire tsohon in sa sabo ba tare da ajiyar ta san an taɓa ta ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kawiya, wato ƙarfen narka dalma, mai siririn baki. Akwai dalmar, da mita ta auna wuta, da sukudireba mai baki na musamman da Malam ya goge da hannunsa, don sukurun Japanawa ba irin namu ba ne. Sai auduga da sibirto na wanke haƙoran kaset. Sai kuma abin da ya fi komai, batirin aro: batir ne lafiyayye da aka haɗa masa siraran wayoyi biyu masu 'yan maƙalai a baki. Shi ake fara maƙalawa ya riƙe ajiyar, sannan a narka dalmar tsohon. Wata uku Malam ya sa ni ina koyo a kan matattun alluna da yake tsintowa a kasuwar tsofaffin kaya. In ɗora dalma in cire, in ɗora in cire. Idan ta yi dunƙule kamar kashin akuya sai ya ce, "Sake." Idan ta kwanta sumul tana ƙyalli bai cewa komai, sai ya miƙo min wani allon. Wannan shirun shi ne yabonsa.

Tsarinmu shi ne, Malam yana falo yana karɓar mutane, ni ina ɗakin ciki a bakin taga da teburina. Yawancin masu kawo aiki ba su taɓa ganin fuskata ba. Sun dai san cewa a gidan Malam Sani ɗan Nijeriya ajiya ba ta mutuwa.

A cikin masu yin wasan labari akwai wani kamfani na Japan da ba wanda ya iya faɗin sunansa a unguwarmu. Tambarinsa 'yar fitila ce a jikin kaset, shi ya sa Misirawa suka sa masa Abu Fanus, wato mai fitila, mu ma muka bi. Ban taɓa zuwa Japan ba, ban karanta tarihinsu ba. Abin da na sani game da su, a cikin kaset na gan shi, sauran kuma masu shaguna ne suka faɗa wa Malam.

Na farkon nasu da ya zo hannuna, allonsa ƙarami ne, rabin gidan kaset ɗin ba komai a ciki. Dalmar da hannu aka ɗora ta, ana ganin inda hannun ya ɗan karkace. An ce lokacin ba su fi cikin ɗaki ɗaya ba. Na biyu ya fi nauyi. Na uku kuwa, da na buɗe shi sai da na kira Malam ya zo ya gani. Allon ya cika gidansa taf, haƙoran masu kauri ne kamar an shafa musu zinariya da cokali, kuma kusa da batirin sun bar wasu 'yan ɗigo biyu na tagulla, a fili, ba abin da aka haɗa musu. Malam ya auna su ya yi dariya. Wurin maƙala batirin aro ne. Wani mutum a can, da ban san sunansa ko addininsa ba, ya zauna ya tuna cewa bayan shekaru wani zai buɗe wannan abu yana neman inda zai riƙe. Mutum mai amana ke nan a wajen aiki. A kwalin kuma akwai taswirar ƙasar wasan, a kan ƙyalle aka buga ta, ba takarda ba. A shekarun nan duk shagon da ka shiga a Ma'adi, ɗan Masar da ɗan Sudan da ɗan bature Abu Fanus suke tambaya.

Wannan na ukun shi ne Haruna ya kawo. Haruna Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, lokacin yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana aikin shara da aike a gidan wani Bajapane a Ma'adi. Da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa na'urar da kaset ɗin. Ina daga ciki ina jin su da Malam.

"Duk rubutun Japananci ne. Yaya kake yi da shi?" in ji Malam.

"Ina da littafina, ya Ustaz."

"Wane littafi?"

"Wanda na rubuta. Layi na uku ajiya, layi na biyu magani. Mai kama da ƙugiya eh ne, mai kama da tsani a'a."

"To labarin fa? Me suke cewa?"

"Wannan kuma ni nake faɗa musu abin da suke cewa."

Malam ya shigo min da littafin in gani. Ƙaramin littafin makaranta ne, cike da ajami, ya kwaikwayi haruffan Japanawa ɗaya bayan ɗaya ya sa ma'anar da ya gano a gefe. Mutanen wasan huɗu ya sa musu sunayen 'yan garinsu: Gambo mai takobi, Tanko, Ladi mai magani, da wani tsoho mai sanda da ya kira Baba Liman. Ran Juma'a kawai yake samun bugawa, bayan la'asar. Na auna batirinsa, ya yi ƙasa. Na maƙala na aro a ɗigon nan biyu, na narka, na cire, na sa sabo, na wanke haƙoran. Da Malam ya kunna masa a falo ya ga su Gambo suna nan inda ya bar su, sai na ji ya ce, "Tamam. A gaida Hajiya." Ban je Makka ba lokacin, amma tun daga ran nan haka yake kirana.

Mummunar shekararmu ta zo ne da faifai. Sababbin na'urori suka daina cin kaset, ajiya ta koma kan wani ɗan kati da ba ya buƙatar batir. Aikina ya ragu, na koma goge idon na'ura da kwafe ajiyar mutane daga kati zuwa kati, saboda gudun ɓacin rana. Abu Fanus suka daɗe ba su fitar da komai ba. Masu shaguna suka ce suna gina wani babban wasa ne da ba a taɓa yin irinsa ba, sun ɗebi ma'aikata, sun koma dogon bene. Yara suka girma suna jira. Da ya fito, faifai huɗu ne a kwali ɗaya, hotunan kamar fim. Sai dai a faifai na uku akwai wata gada, idan mutum ya yi ajiya a kanta, wani lokaci katin gaba ɗaya yakan rikice. Ba wanda ya san haka a lokacin. Abin da mutane suka sani shi ne katinsu ya taɓa shiga gidan Malam Sani.

Wani Bamisire ya zo har ƙofa da ɗansa, yaron yana kuka, uban yana ɗaga murya a matattakala, maƙwabta suna leƙe. Malam yana ta ba shi haƙuri da "ma'alish, ya Hajj," mutumin yana cewa matarka ta koma kicin inda ta fi wayo. Na ji shi sarai. Cikin wata biyu ƙafa ta ɗauke. Na ninke ƙyallen teburina, na koma yin dubulan da alkaki, Malam yana kai wa ɗalibai a unguwar Darrasa. Na zauna na yi ta bin aikina a kaina, kati bayan kati, ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba. Sai bayan kusan shekara labari ya iso cewa aibin daga faifan yake. Mutane suka dawo da kaɗan-kaɗan, kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya ce a yi haƙuri, ni ma ban nema ba. Haruna dai bai taɓa ɗauke ƙafa ba. Bai sayi na faifan ba ma. Ya ce shi bai gama da su Gambo ba, ina shi ina sababbin mutane.

Daga wannan gadar Abu Fanus ba su sake miƙewa ba. Abin da ya biyo baya 'yan ƙananan kaset ne na na'urar hannu, kuma na buɗe su da yawa. Allon siriri kamar ɓawon albasa, idan kawiya ta daɗe a kai da daƙiƙa ɗaya tagullar ta ɗago. Batirin da gam suka manna shi. Ɗigon nan biyu babu su. Taswira babu, sai 'yar takarda. Labarin ma, in ji masu bugawa, tsohon ne aka sake wa riga. Na ce wa Malam, mutumin nan mai ɗigo biyu ya bar wurin. Ya ce ko kuma yana nan an daina tambayarsa. Bayan wasu shekaru muka ji wani babban kamfani ya saye su, ma'aikatan sun watse. Yau idan ka ga fitilar nan, a wani wasan waya za ka gan ta, wanda kowane minti biyar yake neman ka biya.

Abin mamaki, bayan mutuwarsu ne aikina ya fi yawa. Batiran tsofaffin kaset suka fara ƙarewa kusan lokaci ɗaya, sai ga magidanta masu furfura a gemu suna hawo mana bene da kaset a aljihun jallabiya, suna cewa na yaro ne. Malam yakan ce, "Yaron shekararsa nawa, arba'in?" A wannan zangon na yi wa Haruna canji na biyu. Lokacin ya yi aure, yana tuƙi a wani ofis. Ya gaya wa Malam cewa ya kai ƙarshe tun bara: akwai wata babbar ƙofa a saman dutse, ya yi ajiya a gabanta, ya tsaya.

"To ka shiga mana," in ji Malam.

"Idan na shiga, khalas, ya ƙare. Wa zai yi min wani?"

"Sai ka bar su tsaye a rana?"

"Ba rana a wurin, ya Ustaz. Na duba."

Malam ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Yaranmu suna Nijeriya da iyalansu, ni na zauna. Na ci gaba da aiki jefi-jefi, ana miƙo min kaset ta ƙofa in ce a dawo gobe.

A bazarar bara Haruna ya zo, wata yarinya tana riƙe da hannunsa. 'Yarsa ce ta ƙarshe, Nafisa, shekararta tara. Ciwon suga ya ci idonsa, ya bar tuƙi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya ce ya yi wa Nafisa alkawari, ranar da ta kai izu goma ita za ta buɗe ƙofar nan, tana gani tana faɗa masa. Saura mata izu ɗaya. Tun tana goye yake ba ta labarin su Gambo, ta san su kamar 'yan uwanta, amma bai taɓa bari ta taɓa kaset ɗin ba.

"Hajiya, ina jin tsoron batirin. Ya daɗe."

Na auna. Allurar mita da ƙyar ta motsa. Na ce masa ya zo a kan gaɓa, ko sati biyu ba zai ƙara ba. Na ce su je su dawo gobe.

"Don Allah ki bar ni in zauna. Ban taɓa ganin yadda kike yi ba, yanzu kuma ba zan gani ba. Ko ƙamshin dalmar in ji."

Ban iya ce masa a'a ba. Na fito da teburin falo, na bar ƙofar gida a buɗe, Nafisa ta zauna a tsakaninmu. Ga inda nake so ɗalibaina masu cewa minti biyu su saurara. Shekara talatin a ɗakin ciki nake aiki, ni kaɗai, ɗankwali ɗaure tam, hannun riga naɗe har gwiwar hannu. Ran nan akwai namiji a falo. Yana gani ko ba ya gani, namiji ne, saboda haka na sa dogon hijabina na salla. Ban yi kuskure da sa shi ba. Kuskurena shi ne ban kama bakinsa da fil na mayar baya ba, don ban taɓa aiki a cikinsa ba, ban san inda yake kaiwa ba idan na miƙa hannu.

Na yi bisimilla na buɗe. Allon yana nan kamar ranar da na fara ganinsa, dalmata ta farko da ta biyu suna ƙyalli. Na maƙala batirin aro a ɗigon nan biyu, na auna, wuta tana nan. Na narka ƙafa ta farko, na narka ta biyu, na ɗaga tsohon batirin na ajiye a faranti. Haruna ya ce, "Na ji ƙamshin." Na miƙa hannu zan ɗauko sabon a ƙarshen tebur. Bakin hijabin ya shafo jar wayar. Maƙalin ya zame.

Na mayar da shi nan take. Bai kai numfashi ɗaya ba. Na ƙarasa aikin yadda ya kamata, na sa sabon batir, na wanke haƙoran, na ɗaura sukurun. Akwai lokacin da ɗan abin yakan riƙe na daƙiƙa ɗaya ko biyu da kansa, na taɓa gani. Na ɗauko tsohuwar na'urar Malam na haɗa da talabijin na kunna. Fitilar ta fito, kiɗan ya tashi, Haruna ya gyara zama. Sai ga layukan ajiya uku, duk fari fat.

Na ce, "Haruna, ta tafi. Hijabina ne ya ture wayar. Laifina ne."

Ya laluba ya ɗauki tsohon batirin daga faranti yana juya shi a yatsunsa.

"Duka?"

"Duka."

"Har Baba Liman?"

"Har shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. Can kuma ya ce, "Ma'alish, Hajiya. Shekara ashirin da wani abu kin riƙe min su." Ya juya wajen da yake jin 'yarsa take. "Nafisa, ƙofar nan babu ita. Ban cika miki alkawari ba."

Abin da ya faru ke nan, kuma tun daga ranar idan zan yi aiki, ko wane ne mai kayan, sai ya jira a waje. Wanda ke son koyo ya fara da share teburinsa, ya matso da duk abin da zai buƙata kusa da hannunsa kafin ya kunna kawiya, ya duba abin da ke jikinsa mai lilo. Narka dalma kowa zai iya koya a wata uku.

Yarinyar ta matso gaba. Idonta yana kan talabijin. Da aka bar wasan ba a taɓa ba, sai ya fara nuna mafarinsa da kansa: wani ɗan ƙauye a bakin ruwa, da hayaƙi yana tashi daga rufin gidaje, da wani saurayi kwance a ƙarƙashin bishiya, ba takobi ba komai. Ta zaro littafin ajamin daga jakar babanta, ya yi laushi, bangon ya rabu. Ta buɗe shafin farko ta ɗora a cinyarta, ta jawo abin bugawar. Sannan ta juyo ta dube ni ina ta goge tebur, ta kira ni khalti, wato gwaggo da Larabci.

"Khalti, ki daina goge tebur ɗin nan, ki zauna. Wannan Gambo ne tun bai san kowa ba. Baba kullum daga tsakiya yake fara min, ni ban taɓa ganin garinsu ba."